Akwatin Duwatsun da Ya Yi Ƙafa

Da safiyar Talata aka wayi gari akwatin duwatsu ya yi ƙafa. Masinjan majalisar gari ne ya fara leƙa ɗakin ajiya ta taga, ya ga wurin da akwatin yake wayam, ya fito yana salati yana tuntuɓe. Kafin rana ta yi zafi, babu gidan da labarin bai shiga ba.

Wanda bai san mu ba zai ce, duwatsu kuma? To, ƙasarmu ba ta da wata sana'a sai tagulla. Ita ke biyan malamai, ita ke sayo magani, ita ke zuba wa ministoci mai a mota. Idan farashinta ya faɗi a ƙasashen da ba mu taɓa gani ba, a tukunyar matanmu ake fara ji. Ga shi kuma ramin da kamfani ke haƙa a garinmu ya kusa ƙarewa. Shi ya sa gwamnati ta huda tsaunin bayan gari, ta zaro duwatsu kamar guntayen taɓarya, don a ga ko akwai wata tagullar a ƙasa.

Masu mulki suka ce akwai, har jikoki sai sun ci sun bar saura, suka ma riga suka ciyo bashi a kanta. 'Yan adawa suka ce ƙarya ce, babu komai, amma idan aka zaɓe su za su raba ta da adalci. Da gardama ta yi yawa, kotu ta ce a zuba duwatsun a akwatin ƙarfe, kowane ɓangare ya buga hatiminsa, a buɗe a gaban jama'a ranar Laraba, kafin zaɓen ƙarshen mako. Zaɓe bai daɗe da zuwa ƙasarmu ba. Har yanzu juya shi muke yi a hannu kamar sabuwar rediyo, kowa na murɗa wurin da ya ga dama.

Makullin ɗakin ajiyar yana hannun Injiniya, 'yar garin nan da ta karanci duwatsu, wadda kotu ta ɗora wa amanar. Ba a fasa ƙofa ba, ba a taɓa ƙarfen taga ba. Nan da nan masu mulki suka ce 'yan adawa ne suka saye ta, 'yan adawa suka ce gwamnati ce ta sa ta ɓoye abin kunya. Karo na farko ke nan da ɓangarorin biyu suka yarda da juna a kan wani abu. Da matasa suka fara tsintar duwatsu a ƙofar majalisa, sai da Kyaftin ya fito ya ɗaga sandarsa. Dattijo ne da ya shugabanci mahaƙa tun zamanin da, shi ne kuma shugaban kwamitin zaman lafiya na zaɓe, mutumin da ko mahaukaci ke rusuna wa. Ya ce kowa ya ajiye abin da ke hannunsa, aka ajiye. Sajan ɗin 'yan sandan garin ya tasa Injiniya gaba zuwa caji ofis.

* * *

Uwarta, mai sayar da abinci a bakin ƙofar kamfani, ta bar tukunya a kan wuta ta nufi gidan ƙanenta. Duƙau ake ce masa, don tun yana yaro kansa a ƙasa yake tafiya. Ko gaisawa kuke yi, takalminka yake kallo. Ya daɗe yana gadin gandun daji, yana bin sawun masu farautar sata, har aka mayar da dajin wurin zubar da tarkacen dutse aka sallame su. Yanzu akuyar da ta ɓata yake nemo wa mutane, da wayar lantarkin da aka yanke.

"Sun tafi da ita," ta ce tun daga bakin ƙofa. "Kamar ɓarauniyar kaji. Mutanen da kullum suke cin abincina, yau su ne ke tofar da yawu a gaban rumfata."

"Zauna, Yaya."

"Ba zama na zo yi ba. Sajan ya ce in ba a ga akwatin nan ba zuwa gobe da azahar, mota za ta zo daga babban birni ta ɗauke ta. Ka san wanda aka kai can a kan maganar zaɓe, sai dai a riƙa jin labarinsa. Aikin ma ƙwacewa za su yi. Da hayaƙin murhu na yi wa yarinyar nan karatu, ka fi kowa sani."

Duƙau ya jawo takalminsa. Yana son yarinyar nan kamar shi ya haife ta, hawayen yayarsa kuma ya taɓa shi ƙwarai. Amma in za a faɗi gaskiya, akwai wani abu da ya fara yi masa ƙaiƙayi tun kafin ta gama magana. Akwatin nan ƙarti biyu ne suka shigar da shi suna nishi. Yana so ya ga yadda aka fitar da shi.

* * *

Sajan ba mugu ba ne, yana dai son kowace magana ta ƙare kafin abincin rana. Ya bar Duƙau ya shiga, da sharaɗin in ya gano wani abu, a ce tare suka gano.

Maigadin majalisa na zaune a kan benci kamar an jiƙa shi. Da farko ya rantse ko ƙyaftawa bai yi ba. Duƙau ya dubi sabuwar hular jam'iyya da ke leƙowa daga aljihunsa.

"To, na je," in ji Maigadi. "Jiya da la'asar, da Minista ya zo filin taro. Wa bai je ba? Garin nan ko kare ba ka gani a titi. Cewa aka yi ana rabon hula, na ce bari in karɓo in dawo. Wallahi hular ma ba ta shige ni ba."

Daga ɗakin ajiya, wani dogon lungu ne ya miƙe zuwa bayan gini, da ƙofa a tsakiyarsa da wata a ƙarshe. Ba a bi ta nan, don haka ba a sharewa. Mu kuwa muna da injin niƙa dutse da ke yayyafa wa garin toka-tokar ƙura dare da rana. Mata na tsine mata, amma Duƙau ba shi da abokiyar aiki kamarta. Ya cire takalmi, ya bi gefen bango a tsugune.

"Baro ne," ya ce. "Ya shigo wayam, ya fita da kaya. Dubi yadda tayar ta nutse a komawa. Mutum ɗaya ne. Ƙarfe ya sa ya ɗaga gefen akwatin, ya kwantar da baron ya tura. Ya san yadda ake lallaɓa nauyi."

"Ga sawun takalmin kamfani!" in ji Sajan da murna.

"Sajan, dubi ƙafarka."

Sajan ya duba. Shi ma na kamfani ne. Ma'aikaci kan karɓi sabo ya kai kasuwa, shi ya sa rabin garin da shi suke yawo, har da masu zagin kamfanin.

Sai Duƙau ya tsaya cak. Gaba kaɗan da ƙofar tsakiya, ga wasu 'yan ramuka biyu a ƙura, inda ƙafafun baro suka zauna. Daga nan sawun ya juya baya zuwa ƙofar, ya dawo, tayar ta ci gaba. Ya je ƙofar baya, a waje ma haka: an ajiye baro, an koma, an dawo.

"Me ya tsayar da shi a nan?"

"Gajiya," in ji Sajan.

"Mai gajiya ko'ina ya samu yake hutawa. Wannan sai ya wuce ƙofa. Yadda kuka samu ƙofofin nan da safe, a rufe suke?"

"A rufe ruf."

"Ya kulle ɗakin ajiya, na gane, don kada a farga da wuri. Amma ta tsakiyar nan ko sakata ba ta da ita, ba kuma mai ganinta. Mutum ya saci abin da duk ƙasa ke magana a kai, da rana tsaka, ya tsaya yana ja wa mutane ƙofa?"

Sajan ya ce wataƙila ɓarawon mai tarbiyya ne. Duƙau bai yi dariya ba, ya daɗe yana kallon ramukan nan biyu kamar za su yi masa magana. A bayan ginin, sawun ya hau kwalta ya ɓace.

* * *

A ƙetaren kwaltar wani sawun baro ya sauka, ya miƙe har ƙofar gidan Lasifika, shugaban matasan jam'iyya mai mulki. Sajan ya gyara ɗamara, ya ce magana ta ƙare. Duƙau ya ga kaji sun jeru a kan sawun suna tsattsaga, ya riga ya san amsar, amma ya bi, don yana son ganin cikin gidan.

Ƙofar a wangale take. Buhunan shinkafa har rufi, ga katan-katan na sabulu, ga baro an yar da shi a kife. Lasifika ya taso da muryar da ta jawo masa sunan.

"Wannan taimako ne! Taimakon jama'a ne, ba ruwansa da zaɓe!"

"Ba mu tambaya ba," in ji Duƙau. "Buhunka ɗaya ya huje, kaji sun gode. Jiya da la'asar kana ina?"

"A kan mumbari! Wa kake jin ya riƙa kiran sunan Minista har muryata ta dushe? Kuma ku tsaya, mu da muka ce akwai tagulla, me zai sa mu ɓoye akwatin?"

"Ka gan ta da idonka?"

"Ciyamanmu na majalisa ya ce akwai."

"Shi ya gani?"

"Minista ne ya gaya masa."

"Ministan fa?"

Lasifika ya buɗe baki, a karon farko a tarihin garin babu abin da ya fito. Sajan ya fita da sabulu biyu a aljihu, wai shaida.

* * *

A ƙarƙashin bishiyar da ke bayan majalisa, Duƙau ya ga sawun motoci biyu da suka tsaya baki da baki. Ɗaya tayoyinta sun cinye, duk garin an san ta Lauya ce, ɗan takarar 'yan adawa, wanda ke alfahari da tsohuwar motarsa a kowane taro. Suka same shi a ofishinsa yana gwada jawabi a gaban madubi.

"Wannan bita-da-ƙulli ne," ya ce. "Zan kai ƙara."

"Ranka ya daɗe, ɗaya motar sababbin tayoyi gare ta, masu faɗi. Manajan kamfani kaɗai ke hawa irinta."

Lauya ya leƙa waje, ya rage murya. "Shawara ce kawai. In Allah bai ba ni kujerar nan ba, kamfani na buƙatar lauya. Siyasa ba ta hana mutum tunanin 'ya'yansa. Don Allah maganar nan ta tsaya a ɗakin nan."

"Ba ka ga kowa ba?"

"Na ji kukan baro. Na sunkuya a mota don kada a gan ni, manajan ma ya sunkuya, har muka yi karo da kai. Da na ɗago, bayan mai baron kawai na hango ya hau kwalta. A hankali yake tafiya, kamar mai kai kaya kasuwa. Na ɗauka lebura ne."

Shi ke nan abin da aka samu daga mutumin da ya yi alkawarin sa ido a kan dukiyar ƙasa.

* * *

Da yamma Sajan ya bar shi ya ga Injiniya. Tana zaune a kan tabarma, ta naɗe ƙafa, idonta a bushe.

"Kawu, makullin nan a wuyana yake kwana. Ko wanka zan yi ba na cire shi."

"Na sani. Me ke cikin akwatin?"

"Duwatsu."

"Kin san abin da nake tambaya. Ke kika jera su."

"Na rantse a gaban alƙali ba zan faɗa ba sai ranar buɗewa. Ko Inna ban gaya wa ba, ta yi fushi ta gaji."

Ya ji haushi, ya kuma ji daɗi. "To, wa kuma zai iya samun makulli?"

"Na tambaya tun ranar farko. Ginin nan ofishin kamfani ne a da, lokacin da ake haƙa a ƙarƙashin ƙasa. Majalisa ta gaje shi da ƙofofinsa. Aka ce min kada in damu, an sa canjin makullai a kasafin bana." Ta yi ɗan murmushi. "Ashe na bara ma an sa."

Da zai fita ta riƙe hannun rigarsa, muryarta ta sauya. "Kawu, ina jin tsoron motar nan."

* * *

Laraba ta waye ba shi da komai a hannu sai ƙofofi biyu da aka rufe ba dalili. In tunani ya cushe masa, wurin Wanzami yake zuwa, ko ba shi da sumar askewa. Tsoho ne mai shago kamar akurki a bayan kasuwa. Duƙau ya tura ƙofa ya shiga ya zauna.

"Kai! Rufe min ƙofa."

"Baba, zafin nan fa? Ko iska ba ka so?"

"Iskar ce ta sa na ce ka rufe." Wanzami ya taso da kansa, aska a hannu, ya tura ƙofar da ƙafa. "Ku 'yan sama ba ku san komai ba. Ni a ƙarƙashin ƙasa na yi ƙuruciyata, kafin a rufe ramin a koma wannan tonon na buɗaɗɗen fili da kowane direba ke iyawa. A can ƙasa, iskar da kake shaƙa turo ta ake yi daga sama, ƙofofi ne ke juya ta zuwa inda mutane suke. Ka bar ƙofa ɗaya a buɗe, iskar ta bi gajeriyar hanya ta koma, mutanen da ke can ciki su fara faɗuwa ɗaya bayan ɗaya ba su san dalili ba. Ranar farko ake koya maka da mari. Ko gawa ka ɗauko, ka wuce ƙofa, ka ajiye, ka koma ka rufe. Har yau matata na min dariya, ko bayi na fito sai na ja ƙofa na taɓa na ji ta kama."

Duƙau ya gyara zama. "Ku nawa kuka rage a garin nan, 'yan ƙasa?"

"Mun ƙare ai. Da aka rufe ramin kowa ya kama gabansa, sauran ƙura ta cinye musu ƙirji. Akwai ni. Akwai mai kula da fitilun ramin, shi kuwa tun bara sai an juya shi a gado. Sai shugabanmu."

"Shekaranjiya da la'asar kana ina, Baba?"

"Ni kake tuhuma, ɗan nema? Ni na riƙe wa Minista lema, duk garin sun gan ni, hannuna har yanzu ciwo yake. Kujerar Kyaftin ce ma na ga babu kowa a sahun gaba. Aka ce gwiwa ce ta motsa masa."

Wanzami ya ji abin da bakinsa ya faɗa, ya tsaya da aska a sama. Suka dubi juna. Duƙau ya so a ce bai zo aski ba. Jiya ma Kyaftin ya je har rumfar Yaya ya ba ta haƙuri, ya ce komai zai wuce.

* * *

Kafin azahar aka taru a zauren majalisa, inda da za a buɗe akwatin. Ga Ciyaman da Lasifika a gefe ɗaya, ga Lauya a ɗaya gefen, ga Maigadi, ga Wanzami, ga Yaya a tsaye ta ƙi zama. Kyaftin na kusa da ƙofa, ya dogara haɓarsa a kan sanda. Jama'a sun cika tagogi. Duƙau ne ya shigo ƙarshe, ya bar ƙofar a wangale.

Ya fara bayani a hankali, kansa a ƙasa kamar kullum. Ya ce Maigadi hula ya je karɓa. Ya ce baron Lasifika shinkafa ya ɗauko, tagogi suka ɗauki shewa. Ya ce Lauya yana bayan gini a lokacin, yana wata shawara da shi zai fi kowa iya bayaninta. Yana magana yana ja, yana maimaita abin da ya riga ya faɗa, har Sajan ya fara duba agogo. Wanzami, wanda aka roƙa tun a hanya ya danne zuciyarsa kada ya taɓa ƙofar, sai murza gwiwa yake yi.

Kyaftin ya dubi ƙofar. Ya kau da kai. Ya sake dubanta. Can ya miƙe, ba tare da ya daina sauraro ba, ya tura ta, ya dafa ya ji ta kama, ya dawo ya zauna.

Duƙau ya nuna ƙofar da hannu, kowa ya juyo.

"Wanda ya ɗauki akwatin nan," ya ce, "ya ajiye baro a bayan kowace ƙofa ya koma ya rufe ta. Ba don ɓoye sawu ba. Hannunsa ne ya saba, tun zamanin da barin ƙofa a buɗe ke kashe mutane. Kuma yana da makullin ofishinsa na da." Sai ya ɗago kai, abin da ba kasafai yake yi ba. "Baba Kyaftin, rufe ƙofa ba laifi ba ne, ba kuma alƙalin da zai kama mutum a kansa. In ka ce ba kai ba ne, ba ni da sauran magana. Amma motar nan tana hanya."

Kyaftin ya daɗe yana kallon hannunsa, kamar yau ya fara ganinsa.

"Yana ɗakin fitilu, a bakin tsohon rami," ya ce. "Ban taɓa hatimin ba."

Lasifika ya zabura zai yi ihu, Ciyaman ya ja masa riga, don bai san ko ihun zai amfane su ba.

"Ban san abin da ke ciki ba," in ji Kyaftin. "Tsoron sani nake yi. Ku yara ne lokacin da aka rufe ramin ƙasa. Da safe aka karanta sanarwa, kafin wata ya mutu unguwarmu ta zama kufai. 'Ya'yana maza sun hau mota, har yau sai dai a waya. Na ce in aka buɗe akwatin nan aka ga babu, ga zaɓe a gaba, ga matasa da duwatsu a hannu, garin nan ba zai kai Juma'a ba. Na ce a bari a yi zaɓe lafiya tukuna. Bayan nan in dawo da shi, a sake ta. Mako ɗaya ne kawai."

"Mako ɗaya!" Yaya ta matso har gabansa. "Na wa ka ɗauka ka bayar, Baba? Naka ne? Ka zo rumfata ka ce min in yi haƙuri, kana sane? Ka ci abincina!"

Kyaftin ya sunkuyar da kai. Duƙau ya ji tausayinsa, ya kuma ji haushin kansa da ya ji tausayin.

Aka turo akwatin a baron da ya fita a ciki. Ciyaman da Lauya suka duba hatiminsu, kowa ya gyaɗa kai ba da son ransa ba. Sajan ya je ya taho da Injiniya, rigarta duk ta yamutse, shatin tabarma a kumatunta. Ba ta dubi kowa ba sai akwatin.

"'Yata," in ji Kyaftin. "Na cuce ki, na sani. Amma ki duba garin nan. Ki bari sai bayan zaɓe."

"Baba, a ɗakin da ba taga na kwana don a ɓoye wa mutane abin da yake nasu. Ba zan ƙara ko awa ɗaya ba."

Ta yanke hatimin. Ta zaro dutse ɗaya, ta zuba masa ruwan buta, ta ɗaga shi sama yadda na tagogi za su gani. Duk ɗan garin nan ya san koren da tagulla ke yi wa dutse in ya jiƙe. Wannan fari ne fat. Ta zaro na biyu, ta zaro na ƙasa, ta jera su a kan tebur.

"Babu," ta ce. "Daga sama har ƙasa, babu."

Ba wanda ya tsinci dutse. Ba wanda ya yi ihu. Mutane suka tsaya suna kallon teburin kamar masu jiran a ce wasa ake yi. Can wata tsohuwa da ke maƙale a taga ta yi gyaran murya.

"To, yanzu wa za mu zaɓa?"

Ciyaman ya dubi Lauya, Lauya ya dubi Ciyaman. Kowannensu na da jawabi a aljihu, amma ba wanda aka rubuta don ƙasar da ba tagulla. Tsohuwar ta ce ita fa tana jira, ba inda za ta.

Yaya ba ta tsaya jin amsa ba. Ta san rumfarta a bakin ƙofar kamfani take, ta san ma'anar fararen duwatsun nan fiye da duk wanda ke zauren. Ta sa bakin zanenta ta goge wa 'yarta hannu, yatsa bayan yatsa.

"Inna, kin ji abin da na ce kuwa? Kamfanin zai tashi."

"Na ji. Zo mu je gida ki yi wanka, tun jiya ba ki ci komai ba."

Mutanen da ke bakin ƙofa suka dare suka ba su hanya, kowa kansa a ƙasa.